'Yan Asabar a Gayaunar Iya Hansai

Wanda ya taso daga Funtua zai nufi Malumfashi, in ya wuce Bakori kaɗan, zai ga wata jar hanya ta ratse dama ta shige cikin masara. Ita ke kai mutum Tudun Maje. A ƙarshen garin, inda katangu suka ƙare kunyoyi suka fara, akwai wani gidan ƙasa mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya, da darbejiya a ƙofa wadda awakin unguwa suka mayar majalisarsu. Gidan Iya Hansai ke nan.

Ba ta san shekarunta ba, ba ta kuma ga abin da saninsu zai ƙara mata ba. In an matsa mata sai ta ce an kawo ta garin nan daga wajen Kafur a shekarar da auduga ta yi kyau har aka rasa buhun zubawa, wanda ba shi da aikin yi ya je ya lissafa. Waɗanda ba su da aikin yi sun lissafa, sun ce ta haura saba'in da biyar. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin baki, irin matan nan da ke amsa gaisuwa hannunsu bai bar abin da yake yi ba. Mijinta, marigayi Malam Zubair, yakan wuni bai yi magana goma ba, kuma mutanen gari sun ce ba halinsa ba ne, fili ne bai taɓa samu ba.

Shi ya yanka mata gayauna a shekarar aurensu ta biyu, wato 'yar gonar da miji kan ware wa matarsa ta zama tata ita kaɗai. Tata tana manne da bayan gida, kuma ba ta da wani girma, mutum zai zagaye ta kafin tukunya ta tafasa. Lokacin da take amarya ba ta fita, ta wata 'yar ƙofa a jikin danga take shiga. Ta yi kaɗi, ta yi ƙuliƙuli, ta yi daddawa, duk ta bar su ɗaya bayan ɗaya, amma gayaunar ba ta taɓa bari ba. Ta haifi bakwai, huɗu suka koma, kuma kowane karo in an gama zaman makoki a can ake samunta a duƙe.

Baƙo in ya leƙa gonar sai ya ɗauka mai ita ta yi tafiya. Masara nan, dawa can, rama ta bi iyaka, yakuwa da kuɓewa sun shiga tsakani, kabewa tana yawo inda ta ga dama. Waɗannan su take shukawa. Sauran kuwa da kansu suke fitowa da ruwan farko: lalo, karkashi, tafasa, gasaya. Ba ta taɓa tuge su sai sun zubar da iri, don haka kowace damina suke dawowa gurbinsu. Fartanyarta ta san kowa. Tana bi tsakaninsu ta ɗauke ciyawa ta bar miya, kuma sama da shekara hamsin ba ta taɓa sayen abin kaɗa tukunya ba. Da kaka takan shanya ganye ta cika ƙwarya ƙwarya. In an haihu a unguwa, ƙullin karkashinta kan riga dangi isa. In an yi rasuwa, haka. Da wannan ake saninta, kuma da wannan take jin cewa ita ma mutum ce a garin, ba wadda ake jira a kai wa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Zubair. 'Ya'yanta mata biyu suna aure, ɗaya a Zariya ɗaya a Musawa. Namijin da ya rage mata shi ne Mansur, mai walda a Funtua, kuma yaro ne na kirki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya gina mata ɗaki a gidansa, da siminti da fanka da banɗaki a kusa. Ta je ta yi azumi ɗaya a can. Matarsa Bushra ta riƙe ta hannu bibbiyu, ko tsintsiya ta ɗauka sai an karɓe an ce ta huta. Ta huta har ta fara jin ciwon da ba ta san tana da shi ba. Tana zaune ana wuce ta ana yi mata sannu, safe da yamma, kamar mai jinya. Washegarin Sallah ta ɗaure kayanta, ta ce akuyarta na kewarta.

Amma gwiwa ba ta san taurin kai ba. Shekara uku da suka wuce duƙawa ta gagare ta, sai ta koma noma a zaune. Takan ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye a kunya, ta nome iya inda hannunta ya kai, ta ja kujerar gaba. Bara ciyawa ta fi ta sauri. Wata rana kuma ta zo tashi ƙafar ta ƙi, ta faɗi tsakanin masara, ta kwanta nan tun hantsi har azahar kafin masu wucewa su ji muryarta. Mansur ya zo a ranar, fuskarsa babu wasa, ya ce zaman ƙauye ya ƙare.

A nan ne 'yan Asabar suka shigo maganar. Sunan ƙungiyar na gaskiya dogo ne, yana rubuce a jikin wani allo kusa da masallacin Juma'a, amma babu mai kiranta da shi. Tunda ranar Asabar suke fita aiki, sai aka sa musu sunan ranar. Malam Awaisu, malamin firamare, shi ya tara su: manoma, 'yan acaba, tela, mai shago, da mata ƙarƙashin Maijidda wadda ke aiki a ƙaramin asibitin garin. Abin da suka sa gaba shi ne tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa ko suka rasu. Kafin damina su yi musu yaɓe su toshe inda ke yoyo. Su cika musu randa. Da kaka su bi manyan manoma su karɓi zakkar hatsi su kai gida gida, da yamma, ba tare da ganga ba. Duk Asabar ɗin farkon wata Maijidda ta kwashe su a mota zuwa Malumfashi a auna musu jini a duba ido. Suna da doka ɗaya da Malam Awaisu ba ya wasa da ita: ba a cin komai a gidan tsoho, don kada taimako ya zama masa nauyi. Iya Hansai ta ce wannan doka rashin tarbiyya ce, a zamaninsu in an yi wa mutum gayya sai an ci tuwonsa an sha furarsa. Amma ba a tambaye ta ba.

A zaurenta aka zauna, Mansur da Malam Awaisu, ita tana daga bakin ƙofa. Malam Awaisu ya ce su za su ɗauki nauyin ruwanta da nomanta, kuma kullum za a samu mai leƙa ta. Mansur ya juya ya dubi uwarsa.

"To, Iya, kin ji," in ji shi. "Muddin suna kula da ke, ki zauna. Ranar da suka janye hannu, ba sai mun yi musu ba, zan zo da mota."

"Na yarda," in ji ta. Kuma ita ba ta cikin masu faɗin magana su janye.

Rani ya wuce lafiya. Aka yi mata yaɓe, randarta ba ta taɓa bushewa ba. Ruwa ya sauka, ta yi shukarta a zaune, komai ya fito gurbinsa. Masara ta kai sati uku, ciyawa ta fara taso mata, sai Asabar ɗin asibiti ta zo. Suka tafi da sassafe ita da ƙawarta Hajo da sauran tsofaffi. Aka ce jininta ya ɗan hau, ta ce duk wanda aka jijjiga a wannan hanyar dole jininsa ya hau. Sai bayan azahar suka dawo.

Tun daga darbejiya ta ji warin. Malam Awaisu na tsaye a ƙofar gida da mutum biyar, kowa da tankin feshi goye a baya, suna ta murmushi irin na wanda ya ɓoye wa mutum abin alheri.

"Iya, bana mun hutar da ke," in ji shi. "Ba ke ba fartanya. Maganin nan mai kyau ne, ciyawa kawai yake kashewa, ya bar masara da dawa. Awa ɗaya muka gama."

Babu wanda zai ce sun yi da mugunta. Haka kowa ke noma yanzu daga Funtua har Malumfashi. Yawancinsu tun da suka yi wayo da feshi suka ga ana yi, kuma a gonakinsu duk abin da ba masara ba ciyawa ne. Sun ga gonar tsohuwa ta cika da ganye, sai tausayi ya kama su.

Ta dogara sandarta ta zaga baya. Ba abin da ya canza tukuna, ganyen na nan kore shar, sai dai jiƙe. Ta tsaya tana kallon lalon da ya fara yin tsawon yatsa. Sannan ta dawo ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya yi maku albarka," in ji ta. "Allah ya ba ku masu yi maku."

Kwana uku ganye ya fara nannaɗewa. Kafin sati ya zagayo komai ya kwanta, rama da yakuwa da kuɓewa, da waɗanda ba ita ke shuka su ba. Kabewar ma ta yi baƙi ta manne da ƙasa. Masara da dawa suka tsaya su kaɗai a jar ƙasa fes, masu wucewa suna cewa bana gonar Iya ta yi kyau. Ta yi kuka sau ɗaya, a zaune a kan kujerarta, ba wanda ya gani. Ba yunwa ta sa ta kuka ba, hatsi na nan. Abin da ya ci mata rai shi ne bana za a haihu a unguwa ita ba ta da abin aikawa.

Ba ta faɗa wa kowa ba. A Tudun Maje tsoho ba ya kushe abin da aka yi masa don Allah, ko da abin ya cuce shi. Kara ce, kuma da ita aka tashe ta. Ban da wannan akwai tsoro. Mutanen nan ba albashi ake ba su ba, ranar hutunsu suke bayarwa. In ta buɗe baki ransu ya ɓaci suka daina zuwa, motar Mansur ce za ta biyo baya. Ta auna miyar shekara ɗaya da zaman ɗakin fanka har mutuwa, ta ga shiru ya fi.

Da haka za a tafi, ba don Hajo ba. Hajo ta girme ta da kaɗan, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane mutum sai da murya, kuma ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Abin da take rayuwa da shi kwaɗon rama ne da na tafasa, takan zauna a ƙofar gida da rana masu dawowa daga gona su saya. Ganyen duk daga tata gayaunar yake, da laluben hannu take tsinka. Ranar wata Talata ta zo hira, fuskarta a sake.

"Hansai, ni ma an ce Asabar ɗin nan za a yi mani irin naki. An ce gonarki ta yi tas kamar an share."

"Haka aka ce," in ji Iya Hansai.

Ta wuni biyu tana saƙa da warwara. Ta je ta ce wa Malam Awaisu kun ɓata mani gona, bakinta ba zai iya ba. Ta yi shiru a kashe wa makauniya abincinta, zuciyarta ba za ta iya ba. Ranar Alhamis ta aika masa cewa gobe bayan an sauko daga masallaci tana da sadakar tuwo don Malam Zubair, tana son shi da waɗanda suka yi mata feshi. Ta san dokarsu, amma ta san babu Musulmin da zai mayar da sadakar mamaci.

Suka zo su shida suka zauna a zaure. Ta tuƙa tuwon dawa wanda rabon da ta yi irinsa tun mijin na da rai, mai laushi, mai sulɓi, sai tururi yake. Ta kawo da kanta, ta koma ta kawo kwanon miya. Da aka buɗe, ruwa ne da gishiri da daddawa da ɗan barkono, ana hango gindin kwano. Suka dubi juna. Malam Awaisu ya yi bisimilla ya yanko loma ya tsoma, miyar ta zube ta bar tuwon kamar yadda ya shiga. Su ma ai da kara aka tashe su. Haka suka yi ta haɗiya da ƙyar, suna Allah ya kai haske kabari, babu wanda ya ɗaga kai.

Tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam Awaisu, ya miyar?"

"Ta yi daɗi, Iya."

"Malamin makaranta, ranar Juma'a, da alwallarka."

Wani daga cikinsu ya ƙware. Ita ba ta yi dariya ba.

"Akwai kuka a ɗaki, da gangan na bar ta," in ji ta. "Ina so ku ga abin da bakina ya kasa faɗi. Miyar gidan nan a gona take, ita kuka fesa ma magani. Abin da kuka gani kuka ce ciyawa, lalo ne da karkashi da tafasa, sun girmi kowa a zauren nan. Ni nawa ya wuce, na yafe, kuma Allah ya sani don shi kuka yi. Amma gobe in kuka shiga gonar Hajo da abin nan, kun kashe mata tukunya. Ni ina da ɗa a Funtua. Ita wa gare ta?"

Malam Awaisu ya ajiye lomar da ya yanko, ya wanke hannu, ya miƙe.

"Allah ya ba ki haƙuri, Iya," in ji shi. Ya fita, sauran suka bi shi.

Asabar ta zo, babu wanda ya je gonar Hajo, babu kuma wanda ya zo cika randar Iya Hansai. Ta tambayi Maijidda, ta ce ita ma abin da ta sani kawai Malam ya ce a dakata da komai, kuma ko a majalisa ba a ganinsa. Kafin Lahadi labari ya gama gari, kowa da irin nasa. Wasu suka ce tsohuwa ta kira mutane ta ci musu fuska da ruwan daddawa. Wasu suka ce dama bakin nan nata sai ya ja mata. Wani ɗan acaba ya kai maganar har bakin shagon Mansur. Ranar Litinin 'yar wayarta ta yi ƙara daga cikin kwalla inda take ajiye ta.

"Iya, abin da na ji gaskiya ne?"

"Wanne daga ciki?"

"An ce sun daina zuwa."

"Ba su zo ba dai."

"To, ranar Asabar ina nan tafe."

"Allah ya kawo ka lafiya," in ji ta.

Ba ta yi gardama ba. Ta yi abin da ta ga ya kamata, kuma tun kafin ta ɗora tukunya ta san abin da zai iya biyo baya. Ta ɗauki kwana huɗu tana ɗaure kaya, ba don suna da yawa ba, sai don kowane abu ta ɗauka sai ta zauna da shi a hannu. Ta ce a kai wa Hajo akuyar. Bayan gida kuwa ba ta ƙara leƙawa ba.

Ranar Asabar da hantsi ta ji sallama. Ta ɗauka Mansur ne ya yi sammako, sai ta ga Malam Awaisu, ya ɗan faɗa, takalminsa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaishe ta, bai tashi ba.

"Iya, ba fushi na yi ba, kunya ce ta hana ni zuwa," in ji shi. "Kafin gonarki da bayanta, gonar tsofaffi shida muka fesa. Satin nan na bi su ɗaya ɗaya. Kowace na je sai ta fara da godiya. Sai na zauna na ce don Allah a gaya mani gaskiya, sannan a fara share hawaye. Mutum shida, Iya, babu wadda ta ce mani komai. Da ba ki yi magana ba, da sai mun gama da garin nan kaf muna jiran lada."

Ta ce ya tashi, ƙasar da sanyi. Ya ce akwai sauran magana. Sun ajiye tankuna, sun bi gida gida sun aro fartanya, yanzu haka mutum goma sha biyu na tsaye a bakin gonar Hajo. Sai dai babu wanda ya yarda ya sa hannu, don a cikinsu babu mai iya raba ɗan lalo da ciyawa in suna ƙanana, ita kuma Hajo ba ta gani.

"Mota na zuwa ɗaukata," in ji Iya Hansai.

"In ta zo ta same ki a gona."

Ta dubi ƙullin kayanta, ta dube shi. Sannan ta ce ya ɗauko mata kujerarta, tana nan ƙarƙashin tabarma.

Waɗanda suka ga aikin ranar har yanzu suna ba da labari. Aka ajiye ta a tsakiyar gona, Hajo a gefenta, ƙarti goma sha biyu suka jeru a kunya, masu gemu da masu tumbi, tana nuna musu da bakin sanda. Ta ce su duba gindin ganyen lalo za su ga 'yan gashi biyu kamar gashin baki. Karkashi a murza shi da ɗan yawu, in ya yi yauƙi a bar shi. Tafasa a shinshina. Tela ya tuge gasaya ya ɗaga yana tambaya, ta ce ya mayar ya roƙe ta gafara. Mai shago ya yi kunya biyu ya miƙe yana dafe da ƙugu, ta ce ita da wannan ƙugun ta yi shekara hamsin, kuma da goyo. Aikin da feshi ke gamawa a awa ɗaya ya kai su har rana ta take. Wasu sun yi gunaguni, ba a ɓoye ba, amma babu wanda ya ajiye fartanya. Hajo ta yi ta shafa ganyen da ke kusa da ita tana kiran sunansu.

Mansur ya iso da a-kori-kura wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ya tarar da kaya a ɗaure, gida babu kowa. Shi da direba suka loda komai suka ɗaure da igiya, sannan ya bi kwatancen maƙwabta zuwa gonar. Ya tsaya a iyaka yana kallo, ya daɗe kafin a lura da shi. Malam Awaisu ya taso ya ba shi hannu, ya ce ba su janye ba, kuskure suka yi, kuma daga yau duk gonar tsoho da za su shiga sai Iya na gaba. Mansur ya yi masa godiya, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya taka a hankali tsakanin kunyoyi ya je ya tsuguna kusa da uwarsa.

"Iya, na riga na loda kaya."

"Na ji ƙarar motar."

"Na leƙa bayan gida. Babu abin da ya saura sai masara. Mi za ki zauna yi?"

"Saura gonar tsofaffi tara irin wannan. In na tafi wa zai nuna masu?"

Ya ɗauki ɗan ƙasa yana murzawa. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, da furfura a gemu, amma da ya sake magana muryarsa ta koma ta yaron da ta sani.

"Ni ba gona ce damuwata ba, Iya. Tun ranar da kika faɗi, in waya ta yi ƙara na ga lambar garin nan, sai hannuna ya mutu. Ina cikin aiki ina tunanin ko kina kwance wani wuri ba mai ji. Tsorona kada wata rana a kira ni."

Tausayinsa ya kama ta. Duk shekarun nan ta ɗauka so yake ya nuna wa mutane ya iya riƙe uwa, ashe tsoro ne ke cinsa shi kaɗai. Ta ɗora hannu a kansa, abin da rabonta da yi tun yana ɗan makaranta.

"Za a kira ka, Mansur," in ji ta a hankali. "Wannan babu makawa. Ko ina gidanka za a kira ka, daga ɗaki zuwa shago. Ɗakin fanka ba ya hana wannan kiran. Abin da nake roƙo, ka bari a kira ka daga nan, ina cikin mutanena, ina da abin yi."

Fartanyu na ta sara a gabansu, Hajo na tambayar wa ya zo. Mansur ya zauna a ƙasa sosai, kafaɗarsa na taɓa gwiwarta, ya sunkuyar da kai, ita kuma ba ta ɗauke hannunta ba. Sun daɗe a haka. Sannan ya share fuska da hularsa, ya miƙe, ya nufi gida ya ce wa direba ya kwance igiya.